Garuruwan da Ke Kan Teburin Madam Kadidia

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Madam Kadidia sai ya haddace garuruwan hamada, ko da bai taɓa wuce tashar Agadez ba. Ita kuwa ba labarin ƙasa take koyarwa ba. Aikinta koya wa ƴan master, masu digiri na biyu, yadda ake tsara rezo, wato yadda ordinatar, kwamfuta ke nan, ke magana da ƴar'uwarta, da yadda ake rubuta umarnin da saƙo zai bi har ya isa inda aka aike shi.

Ɗiyar marigayi Alkasum ce, direban kamyo, babbar motar kaya, da ya tsufa tsakanin Damagaram da bakin Libiya. Tun tana ƙarama yake zana mata hanyoyi a ƙasa da ɗan yatsa, yana nuna mata ta inda zai zagaya idan wata ta toshe. Da ta gama karatu a Yamai ta dawo gida, sai ta tarar ɗalibanta na hamma in ta ce R1 da R2, sunayen akwatunan rezon da ke kan teburinta. Rannan haushi ya kama ta, ta yanko takarda ta manna wa kowane akwatin rezo sunan gari. Mai tsagaggen murfi ya zama Tchibarakaten, na kusa da taga Séguédine, na tsakiya Aderbissinat, na bakin ƙofa Agadez. Daga ranar barci ya ƙare a ajin. Za ta fizge waya ɗaya ta ce, "To, hanyar Séguédine ta yanke, kaya na cikin mota. Ta ina za ku bi? Kai mai murmushi, da kai nake!"

Mai murmushin nan Seydou ne, ɗan makiyayan Aderbissinat, dogo siriri, ga kai kamar me, ga rashin jin magana. Shekarar da soji suka karɓi mulki damina ta yi gardama a wajensu. Rijiyoyi suka ja baya, iyayensa na kora dabbobi wuni guda su tarar da rijiya ƙaf, su juyo suna barin wasu a hanya. Shi ya sa ya zaɓi aikinsa na fita: ƴar na'ura a bakin kowace rijiya, mai aiko da labari ko da sauran ruwa. Kadidia ta so aikin har ranta. Amma ta ja mishi kunne, kada ya kuskura ya ɗaga antan, wato eriyar da za ta kamo saƙon, a wajen makaranta sai ta samo izini, don gari ya zama abin da ya zama, kowa kallon ɗan leƙen asiri ake mishi.

Ina! Izini ya ƙi fitowa, raƙuman babansa na mutuwa, yaro ya kasa haƙuri.

Wata safiya tana tsakiyar darasi Habsa, abokiyar aikin Seydou, ta faɗo ajin mayafi a hannu.

"Madam, sun tafi da Seydou! Yana kan katanga a bayan gari yana saita antan, soji suka sauko da shi. Har ordinatar ɗinsa sun ɗauka."

Ba antan ɗin ya fi tsorata Kadidia ba. Ta san abin da ke cikin ordinatar ɗin, aikin ajin da ta ba su: zanen garuruwan bakin iyaka, layuka sun haɗa su, lambobi birjik, ga rubutu na cewa hanya kaza ta yanke, a bi ta kaza. Kuma ta ji yadda ake kwasar masu irin wannan tuhuma zuwa Yamai, iyaye su yi ta bin ƙofofi ba labari.

Ta hau moto sai bariki. Aka bar ta a rana har inuwa ta gudu ƙarƙashin ƙafa, sannan aka shigar da ita wurin wani kapitan, mutum mai jajayen idanu, da gani ya kwana biyu bai huta ba. Ya juyo mata fuskar ordinatar.

"Madam, ɗalibinki ya ce ke kika ba shi wannan. Wa kuke da shi a Tchibarakaten?"

"Ba kowa, mon kapitan. Tchibarakaten na kan teburina."

"Wasa kika zo yi da ni?"

"Wallahi ba wasa ba ne. Akwati ne, ni na sa mishi sunan. Ka zo ka gani da idonka."

Kapitan ya ce mota za ta tashi zuwa Yamai bayan la'asar, kuma sunan yaron na ciki. Ya ƙara da cewa in ya je bai ga abin da ta faɗa ba, mutum biyu motar za ta ɗauka. Ta ce ta yarda.

Suka iso makaranta da Seydou a bayan mota, hannu ɗaure, leɓe a kumbure. Suna shiga aji ta ga fanka tsaye cik. An ɗauke wuta! Kai, ranar Kadidia ta zagi wutar nan a zuci, zagin da ko mahaifinta direba bai iya ba. Sai batirin hasken rana ya rage, tsoho ne tukuf, in ya ga dama ya riƙe, in bai ga dama ba ya mutu ana tsakiyar magana. Habsa ta jona shi. Akwatunan suka fara ƙyafta ido ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar masu tashi daga barci, kapitan na duba agogo.

"Habsa, aika saƙo daga Agadez zuwa Séguédine," in ji Kadidia. Saƙo ya isa, ya fito a allon ordinatar ta kusa da taga. Ta juya wurin kapitan. "Ranka ya daɗe, ka cire wayar da ka ga dama. Da hannunka, kada a ce na yi dabara."

Ya zagaya teburin, ya kama wadda ta haɗa Agadez da Séguédine ya fizge. Allo ya tsaya. Batiri ya soma ƙara, ɗan kukan nan da yake yi in ya kusa ƙarewa. Kadidia na ta salati a ciki. Can sai rubutu ya fito: hanya ta yanke, an bi ta Tchibarakaten. Kalma da kalma irin wanda ke cikin ordinatar ɗin Seydou. Ko numfashi ba a gama saukewa ba batirin ya mutu.

Kapitan ya ɗaga akwatin mai tsagaggen murfi, ya jujjuya shi, ya karanta ƴar takardar da ke manne. Ya ce ya yi shekara a Tchibarakaten na gaske, ya binne abokai a can. Ya sa aka kwance Seydou, ya ce antan da na'urar rijiya sun zama na hukuma.

"Sunayen nan kuma, Madam, kada in sake jin su a ajin nan. Wanda zai zo bayana ba lalle ya tako har nan ya duba ba."

Da yamma ta zauna ita kaɗai tana ɓare takardun da farce. Ta Aderbissinat ta fi mannewa, sai da ta jiƙa ta. Ta yi kuka, ba ta ɓoye wa kanta ba, don ji ta yi kamar hanyoyin babanta take sharewa daga ƙasa.

Da aka koma aji Seydou na wurinsa, ba murmushi. Ta cire waya ɗaya ta ce, "R1 ya yanke. Ta ina saƙo zai bi?"

Sai Seydou ya ce a hankali, "Ta Aderbissinat, Madam."

Amsar daidai take. Kadidia ta dubi taga, ta dubi ƙofa, don ta ga ko wani na tsaye.

"Rufe mini baki," ta ce. "R2 ake cewa."