Shanun Shehu Mai Rake

Shehu mai rake Bafulatani ne da bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, a nan ya yi furfura, daga shi sai baro da wuƙar fere. Amma kullum bayan azahar sai ya nemi shanunsa a wurin Terna, wani ɗan Tibi ma'aikacin jinya da ke haya a layinsu.

"Kai ɓarawo, ina shanun kakana?"

"Mun ci," in ji Terna. "Fere min na tsakiya, bawana."

Wasa ne na Fulani da Tibi tun kaka da kakanni: wai Fulani sun ba Tibi ajiyar shanu suka cinye. Har akuyoyin unguwa sun san wannan.

Shekara biyu da komawar soja bariki aka yi tarzoma a can cikin gari. Ko takalmi bai ɓata a nan yankinsu na Tarauni ba. Bayan kwana uku wani ɗan jarida daga Legas ya sauka daga acaɓa da kyamara, yana neman abin da ya riga ya rubuta tun a mota. Ya tarar Shehu ya ɗaga wuƙa yana ce wa Terna, "Yau a naman jikinka zan fanshe." Ɗan acaɓan ya fassara masa kalma-kalma, dariyar kuwa ya bar ta a Hausa.

Washegari ga Shehu a shafin farko: ɗan ta'adda na farautar Kirista a Kano. Raken ma an yanke shi daga hoton.

"Shekara talatin ina fere," in ji Shehu, "ba wanda ya ɗauke ni hoto sai ranar da na zama mahauci."

Ya sa aka rubuta wa jaridar wasiƙa har biyu. Shiru. Jaridar kuwa ta isa Gboko, hannun tsohuwar Terna. Ta turo yayansa da umarni ɗaya: ya kwaso ɗanta ya bar Kano.

Ranar Asabar aka ɗaure katifa a kan mota. Terna ya zo gaban baro yin sallama. Yayan nasa, ƙato mai ɗaurarriyar fuska, ya zuba wa wuƙar ido. Shehu ya ajiye ta, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan tumbin naka, ai na gane bijimina. Ina sauran?"

"Mun ci," in ji yayan, tun kafin ya ankara. Ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Rake sanda uku ya sha a tsaye, sannan ya ce a kwance katifar, tsohuwa shi zai ji da ita.

Terna na nan a layin. Hoton ma yana nan. Bara da aka yi rikici a Jos suka sake buga shi, Shehun da ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Ya sayi jaridar, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin baro, ita ke tare ɓawon rake.