Ambulan Uku na Dauda Masinja

Wurin sunan jikar maƙwabciyata Rekiya na fara jin maganar. Ana cikin rabon fura wata ta ce Dauda, masinjan ofishin da ake biyan fansho a nan Ƙauran Namoda, yana yankar rabonsa daga kuɗin tsofaffi. Wata ta ce da idonta ta ga ana miƙa masa ambulan. Rekiya ta ɗora da cewa har an kai takardar ƙara wurin shugabansa, ga shi saura wata guda ya yi ritaya, in abin ya tabbata kora ce, babu garatuti babu fansho. "Kuma ga Shari'a ta zo, Hajiya Furera," in ji ta, "wa ya san inda abin ga za shi tsaya?"

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa a garin nan ya zama alƙali, sai dai ban ga mai son wahalar neman shaida ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, na kuma sha ganin yara arba'in sun nuna yaro ɗaya alhali ɓarawon allin yana cikin masu nunin. Amma ban wanke Dauda ba. Na ga masu tabon salla da suka cinye gadon marayu. Na ce sai na je na gani.

Kwana uku na yi ina zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofishin. Da an idar da sallar asuba Dauda ke isowa bisa kekensa. Ya yi shara, ya yayyafa ruwa, ya cika randa, ya jera benci don tsofaffin da za su taso daga Shinkafi da Zurmi. Masu tebur sai ƙarfe goma suke shigowa, kuma aikinsu na farko shi ne su daka masa tsawa a kan shayi. Shugabanni biyar ya yi wa aiki tun da aka ba mu jiha, kowanne ya zo sai ya sake sabon fom, Dauda ne mai bin layi yana nuna wa masu raunin gani inda za su dangwala yatsa.

Ranar biya na ga abin. Malam Muhtari, tsohon hedimasta daga Zurmi wanda na sani tun muna aiki, ya fito da kuɗinsa ya zagaya bayan ofis ya miƙa wa Dauda. Dauda ya zaro tsofaffin ambulan guda uku, irin waɗanda ofis ya yar, ya juya cikinsu waje ya liƙe da ƙaro. Ya kasa kuɗin uku, ya miƙa wa Malam ɗaya, ya zuba biyu a jaka. Mutum goma sha tara na ƙirga da suka yi haka a ranar. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tare shi.

"Dauda, mi ke cikin ambulan ɗin ga?"

"Hajiya, an wuni lahiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafar ta kawo ni. Tambayarka na yi."

"Kuɗin mutane na."

"Ka san an kai ƙararka? Mi ka ce musu?"

"Na ce Allah ya sani."

"Allah ya sani, shugabanka bai sani ba, kuma shi ke riƙe da biro."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, asirin manya na. Ba ni buɗe shi." Ya hau kekensa ya bar ni tsaye.

Da ranar cin Kasuwar Daji ta zo na bi shi. Shi ya hau babur ɗin kabu-kabu, ni kuwa tun da an hana mu mata hawa, awa biyu na yi a tasha ina jiran mota ta cika. Na tarar har ya gama abin da ya kai shi rumfar Alhaji Maiwada, dillalin hatsi, ya juya. Alhaji kuwa bai san wani asirin manya ba, ya zazzage mini labarin duka.

Lokacin da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, fayil ɗin masu fansho da yawa ya maƙale a can. Fiye da shekara tsofaffin nan ba su ga ko kwabo ba, sai suka riƙa cin bashin gero da dawa wurin Alhaji, buhu ɗaya a biya ɗaya da rabi. Dauda ne ya yi ta sintiri zuwa Sakkwato da kuɗin motarsa, yana tonon takardu a wani ɗakin ajiya da gara ta mayar gidanta. Da fansho ya dawo, bashin bai ragu ba, domin kuɗin da ya shiga gida ba ya kwana: ga biki, ga jikoki, ga surukin da ya ji ƙamshi.

"Da Shari'a ta zo," in ji Alhaji, "wanga mutum Dauda ya zamna nan inda kike, ya ce, Alhaji, rabin buhun ga da kake ɗorawa, mi za ka kira shi gaban alƙali? Hajiya, zufa ta karyo min. Na ce na yafe ƙarin, amma wa za shi tsaya musu? Ya kawo min takardar gonarshi ta Katuru."

To, ga ambulan ɗin da mata suka gani. Ɗaya ta cefanen gida ce. Ɗaya ta bashi, ita yake kai wa Alhaji kafin ta ga ƙofar gidan mai ita. Ta uku ajiya ce don watan da ba a biya ba, matarsa Gimbiya ke riƙon su a cikin kwalla, kowace da sunan mai ita. Lissafin yana cikin wani ɗan littafi da ya rubuta da ajami. An ce da shugabansa ya gan shi cewa ya yi laya ce.

Daga nan na wuce Zurmi, domin na gano ɗan Malam Muhtari ne ya rubuta ƙarar, ganin kuɗin babansa na isowa gida da giɓi. Malam ya sani, ya yi shiru.

"Malam," na ce, "kai da ka zane yara a kan ƙarya, ka zamna za a kori mutum don kada a ji ka ci bashin dawa?"

"Furera, da girmana…"

"Girman naka gonar masinja ke riƙe da shi."

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Buhu tara na ci. Rubuta shaida da sunana." Ranar Litinin ya zo ofis da mutum shida, kowa da ambulansa a hannu.

Dauda, kai ne ka tono mutane daga cikin gara ka mayar da su rayayyu a takarda. Kai ne mai kashi uku, wanda ya koya wa hedimastoci lissafin da suka kasa yi a gidajensu. Kuma kai ne mai taurin kan da ya kusa sa iyalinsa kwana da yunwa don kare kunyar waɗanda ba su kare shi ba. Wannan ban yafe maka ba tukuna. Amma na gode, mun gode, Allah ya saka maka, ya saka wa Gimbiya da ta yi shekara biyu tana gadin kuɗin mutane tana tuƙa tuwo da miyar kuka tsura.

Ku kuma masu tebur, da 'ya'yan da suka iya rubuta ƙara, hanyar Sakkwato tana nan inda Dauda ya bar ta. Akwai sauran aiki a ɗakin garar nan, kuma kun fi shi kuɗin mota.

An janye ƙarar ranar Talata. Mutum ashirin da uku ne suka ci bashin, buhu saba'in da ɗaya, saura buhu huɗu a biya. Ba a sami kwabo ɗaya da ya ɓata ba. Takardar gonar tana wurin Alhaji Maiwada har sai an gama. Dauda ya yi ritaya ranar Juma'a bayan shekara talatin da biyar. Fayil ɗari da bakwai ya ɗauko daga Sakkwato. Nasa yana can, ba a gan shi ba.