Uwar Kwalba da Shafin da Aka Goge

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaji ina jera kwalabe, aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ranki. Daga gare Shi muke, gare Shi kuma za mu koma. Wata huɗu kina jinyar ƙoda, duk mun san inda abin ya dosa, amma da labarin ya iso sai da na nemi kujera.

Ni Yaya nake ce miki, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Sauran abokan aiki kuwa, a nan da wasu ƙasashe goma sha ɗaya, Uwar Kwalba suke ce miki. Ga wanda bai san sana'armu ba, muna yanko ɗan mitsitsin tsiron ayaba ko rogo ne, mu rene shi a cikin kwalba mai tsabta har ya haifi ɗaruruwan dashe marasa cuta, a kai wa manoma. Shekara ashirin da shida kina wannan aiki. Ba a taɓa tura ki taro a jirgin sama ba. Masu zuwa taron dai sukan biyo ta teburinki su tambayi abin da za su faɗa.

A watana na biyu da kama aiki, kwalba ɗari huɗu suka yi mini fumfuna cikin mako guda. Na loda su a buhu zan sulale ta ƙofar baya, kika tare ni a bakin famfo.

"Ina za ka da gawarwakin nan?"

Na ce bola.

"Ɗauki hoto kafin ka zubar," kika ce. "In ka ɓoye, gobe wani ya sake yin irin ta a wata ƙasa."

A ranar na san zauren da kika buɗe a intanet don masu irin aikinmu a ƙasashe marasa ƙarfi, inda wuta kan ɗauke ana tsaka da aiki, kayan gwaji kuma sai a yi wata shida ana jiran su. A nan aka koyi cewa tukunyar girki mai riƙe tururi tana kashe ƙwayoyin cuta idan babban injin ya lalace, kuma kwalaben zuma da aka zubar suna renon tsiro lafiya lau. Amma zuciyar zauren wani shafi ne da kika sa wa suna "Abin da Ya Ɓaci". Dokarsa ɗaya ce: ka sa hoton ɓarnarka, ka faɗi abin da ka yi ba tare da kwaskwarima ba. Ke kika fara, da naki kurakuran guda tara.

Kika tsaya a kaina na sa hotona, kunya kamar ta kashe ni. Kafin kwana biyu wata mata daga wata ƙasa mai nisa, wadda ko yarenta ba na ji, ta amsa. Ta ce in duba ko akwai tsoffin kwalaye a ɗakin, domin wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba suna fitowa daga cikinsu su shiga ta gefen murfi. Na duba, ga kwalaye nan tuli a ƙarƙashin kanta. Har yau ban sake asarar kwalba ta wannan hanya ba. Cikin shekara goma shafin ya tara ɓarna fiye da dubu, kusan kowace da maganinta a ƙasa.

Yanzu zan faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba, domin ya tsaya mini a wuya.

Daraktanmu bai taɓa wanke kwalba ko ɗaya ba. Idan baƙi za su zo, yakan zura farar rigar aiki wadda layin ninkin leda bai ma bar jikinta ba, ya tsaya gaban kantocinki yana cewa "zauren da na kafa". Ke kuwa kina can baya kina goge tebur, kina yi mana ido. Ba ki taɓa damuwa ba. Ni na damu, amma a zuci kawai.

Kina wata na uku a asibiti ya kira mu taro, mu takwas. Ya ce za a sabunta zauren, a ƙawata shi, a cika shi da nasarori. Ya ce hotunan ruɓaɓɓun kwalabe suna zubar mana da mutunci a idon baƙi, don haka a cire wannan shafi. Sannan ya zagaye mu da ido ya ce, "Akwai mai magana?"

Mutum takwas, Yaya, kuma babu ɗaya a cikinmu da wannan shafi bai taɓa rufa wa asiri ba. Sunana yana cikin waɗanda za a tura horo na mako shida a waje, takardar tana kan teburinsa ba a sa hannu ba tukuna. Na sunkuyar da kai ina wasa da murfin biro. Washegari na lallaɓa wurin mai kula da kwamfuta na tambaye shi ko ya ajiye kwafi. Ya ce bai ajiye ba, an gaya masa shafin yana cin wuri ne kawai.

Ranar Asabar da ta biyo baya na zo duba ki. Kin rame, hannunki duk tabon allura. Bayan mun gaisa kika ce, "Shafin yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Yaya."

Kika dube ni, kika ce madalla, kika koma tambayar lafiyar yarana.

Kwana uku da binne ki, Darakta ya zo gaisuwa da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya zauna kusa da maigidanki, ya gyara hula, ya jira aka saita kyamara sannan ya ɗaga hannu yana addu'a. Ya sanar da cewa an sa wa sabon zauren sunanki. Na buɗe zauren a wayata na gani: hotonsa ne a sama yana riƙe da kwalba a karkace, yatsansa a kan bakin murfi, abin da za ki kori sabon ma'aikaci daga ɗaki a kansa. Na fita waje na tofar da yawu, sai na tambayi kaina da me na fi shi, na rasa.

A makon nan wani ma'aikaci daga wata ƙasa ya rubuto. Tsirransa suna yin baƙi daga gindi, manoma suna jiran dashe kafin damina, ya zo neman shafin bai same shi ba. Na tuna an taɓa amsa wannan matsala, har hoton ina gani a idona. Rabin amsar na iya tunawa. Ɗaya rabin ya bi shafin.

Shi ya sa jiya na koma gidanki, na sami maigidanki shi kaɗai a kan tabarma. Na ce, "Malam, na yi wa Yaya ƙarya a gadon asibiti." Na faɗa masa komai. Ya ajiye carbinsa.

"Ai ta sani," ya ce. "Kullum da safe sai ta buɗe shafin nan a wayarta, ko ruwa ba ta sha ba. Ranar da aka cire ta gani. Da ka tafi na ce mata yaron nan fa bai faɗi gaskiya ba. Sai ta ce, ku bar shi, in ya shirya zai rubuta."

To, Yaya, ga shi na rubuta. Na mayar wa Darakta da takardar horon da ya riga ya sa mini hannu, na buɗe sabon shafi da sunan tsohon, a inda hannun Darakta ba ya kaiwa. Ban san ko mutum nawa za su dawo ba, kuma ɓarna dubun nan ba za su dawo duka ba. Wannan takarda ita ce ta farko a shafin, kuma ban yi mata kwaskwarima ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, waɗanda kika rubuta da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane dashe da ya fita daga kwalabenki ya zama miki sadaka mai gudana. Ga Malam, da 'ya'yanki uku, da ƙanwarki da ta yi jinyarki har ƙarshe, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah Ya yafe mini kalma biyun da na faɗa mata ranar Asabar.