Ranar da Anti Saude Ta Faɗi Zaɓe

Ranar Asabar ta farkon watan Yunin 2009, ina da shekara goma sha ɗaya, na tashi da safe na tarar da Mama zaune gaban tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar falonmu, ɗankwali ya zame mata, wayar gida manne da kunnenta. Ba ta ce in yi shara ba, ba ta ce in wanke kwanukan jiya ba, abin da bai taɓa faruwa ba a gidanmu na birnin Greensboro, a ƙasar Turawa. Da hannu kawai ta yafito ni, ta nuna mini wani dogon jerin sunayen Turawa. Can kusa da ƙasa na hango sunan ƙanwarta, Anti Saude. "Karanta mini, idona ya gaji," in ji ta. A ranar aka fara ƙirga ƙuri'un zaɓen kansiloli a ƙasar Ayalan, can tsallaken teku, kuma Anti tana cikin 'yan takarar majalisar gundumarsu.

Ban taɓa ganin Anti Saude ido da ido ba a lokacin. Muryarta na sani, mai kauri da saurin dariya, da hotonta da Mama ta liƙa a jikin firiji. Aikinta kula da tsofaffi ne a wani ƙaramin gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Abin da ya sa ta tsayawa bai wuce bas da ba ta shiga unguwarsu ba, da gidajen haya da danshi ya cinye bangonsu har yara suna ta tari. Ba ta da jam'iyya. Watanni ta yi tana bin gida-gida da lulluɓinta da lema, tana ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu sun ba ta shayi, wasu sun rufe ƙofa tun kafin ta gama gaisuwa, wani kuma ya bi fostocinta da wuƙa ya yanke fuskar.

Yadda suke zaɓe a can ya ba mu wahalar ganewa. Mai jefa ƙuri'a yana rubuta wanda ya fi so na ɗaya, sannan na biyu, na uku. Sai a yi ta ƙirgawa zagaye bayan zagaye, ana cire na ƙarshe ana raba ƙuri'unsa ga sauran. Mama ta ce wannan ai tankaɗe ne, kuma ƙanwarta ba tsaki ba ce. Haka muka wuni. In fita bayan gida in ba yakuwa da kuɓewar Mama ruwa, in dawo da gudu in duba. In je filin ajiye motoci inda muke zana 'yar gala-gala da alli ni da 'ya'yan maƙwabta, in yi tsalle biyu, hankalina ya ƙi zama, in sake komawa. Duk dawowar da na yi sai in ga an cire wani, Anti tana nan. Mama takan buga cinya ta ce, "Har yanzu muna nan."

Tun kafin a san sakamako Mama ta gayyaci jama'a cin abinci ranar Lahadi. Duk mako tana aikin jinyar wata tsohuwa a unguwar Irving Park, ƙafafunta a kumbure take dawowa, amma ranar tun da sassafe ta ɗora tukwane. Ni na tsince shinkafar dambu, na gyara zogale, na yanka albasa har ido ya yi ja. Baba ya jera kujerun roba a ƙarƙashin bishiyar bayan gida. Ana cikin suyar masa waya ta yi ƙara. Anti ce, an cire ta, saura kaɗan a kai zagayen ƙarshe. Mama ta tsaya da cokali a hannu har masa ɗaya ta ƙone. Baba ya tambaye ta a hankali ko a kira mutane a ce an fasa. Ta juyo ta dube shi ta ce, "A fasa me? Ƙara gawayi, Malam."

Mutane sun zo, yawancinsu da fuskar jaje. Cikinsu har da Alhaji Mamman, dattijo ɗan Maraɗi mai shagon kayan abinci, wanda ba a yanke wata magana a cikin jama'armu sai an ji ta bakinsa. Ya ci dambu ya ƙoshi, ya goge hannu, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Bon, to, Hajiya, sai haƙuri. Ai dama mun faɗa, ƙasar mutane ce. Mace baƙuwa ta kama aikinta ta yi shiru, ya fi mata mutunci." Wasu suka gyaɗa kai. Na ga Mama ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kula da bai buƙaci gyara ba.

A wancan lokacin ni ba na mayar da magana da Hausa. A yi mini Hausa in amsa da Turanci, kamar sauran yaran da aka haifa a nan. Amma ranar na ji Turanci ba zai isar mini ba. Na ajiye tiren da ke hannuna, na tsaya gaban Alhaji, na haɗo kalmomin da ƙyar. "Alhaji, akwai Turawa da suka rubuta sunan Anti na ɗaya. Ita ta fita, ta yi magana. Ba ta ji tsoro ba." Na mayar da namiji mace a wani wurin, harshena ya karye a wani, amma kowa ya gane. Baba ya watso mini harara. Mama ba ta ɗago ba, cewa kawai ta yi, "Rabi, je ki ɗauko zoɓo," sai dai na ji muryarta ta dawo daidai.

Kafin a watse Anti ta sake kira, Mama ta ƙara sautin wayar ta ɗora a kan tebur. Muryar ta dishe, amma dariyar tana nan. "Yaya, kada ki bari kowa ya yi mini jaje. Gobe zan hau tsani in sauke fostocina da kaina, in adana su. Shekara biyar kamar gobe ce." Matan da ke wurin suka rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu Bature ya leƙo ta kan shinge. Washegari Baba ya kai ni shagon Alhaji in ba da haƙuri. Na durƙusa na ba da haƙurin ɗaga murya a gaban babba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ashe kina jin Hausa, kika bar mu muna wahala."

Anti ta sake tsayawa, ta sake faɗuwa, kuma har yau tana halartar taron unguwa tana hana su sakat. Mama da Baba sun koma Kano, Alhaji Mamman ya rasu, bishiyar ma an sare ta. Ni ina zaune a unguwar Sedgefield a nan Greensboro, kuma ba a yin zaɓe a garin nan, komai ƙanƙantarsa, ban je na bi layi ba. Sakamako yanzu a waya yake iske ni, in karanta ni kaɗai a cikin mota kafin in shiga wurin aiki, babu wanda zan juya in faɗa wa. Wani lokacin nakan yi kewar gidan da mutum zai faɗi a wata ƙasa mai nisa, a ɗora masa tukunya a nan. Tun daga ranar ban ƙara jin kunyar faɗuwa ba.