A Bar Sunan, A Goge Giyar

Ƙarfe goman safe lokacin shan kofi ne a gidan tsofaffin da mahaifina yake: a buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, a rufe. Mahaifin nawa na zo dubawa, amma idona yana kan wata tsohuwa a keken guragu. Ta sha jan baki raɗau, gashinta fari fat, hannayenta kaurara, irin na wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tatsar shanu. Da ganinta, mijinta bai taɓa kayar da ita a musu ba.

Wani mai bincike daga jami'a yana durƙushe gabanta, yana neman izinin amfani da bayanan lafiyarta.

"Uwargida Wiersma, kada ki damu," in ji shi. "Za mu cire sunanki, ba mai gane ke ce."

"Ɗan nan, mace mai shekara casa'in da huɗu, ƙafa ɗaya, 'ya'ya tara? A ƙauyen nan ko saniya ta san ni ce." Ta rage murya. "Likitoci sun rubuta ɗan kofin giyar da nake kurɓa?"

"Sun rubuta."

"'Yata ta gaya wa fasto na daina. Ka bar sunan, ka goge giyar."

Ya gyara tabarau. "Ai giyar muke bincike a kai."

"To ban yarda ba."

Ta buɗe gwangwanin, ta zari biskit na biyu, idonta cikin nasa.

"Wannan ma kada ka rubuta."