Baƙuwar da Na Kai wa Inna

Haƙorana biyu na gaba a unguwar Kurayyat ta Jidda na bar su, a ƙofar masallaci, bayan la'asar. Maƙwabcina ne ya zubar min da su, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Lokacin ina tuƙin haya. Wata 'yar jarida daga Rasha ta ɗauke ni sati guda, ita da mai kyamararta, ina tuƙi ina yi musu tafinta. Ta ce tana son ganin yadda alhazan da ba su koma gida ba suke rayuwa. Ni da rawar kai, sai na kai ta wurin tsohuwar da ke soya waina a layinmu, wadda kowa ke kira Inna. Shekara da shekaru tana Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama.

Inna ta ce ba ta son hoto. 'Yar jaridar ta dafa ƙirji ta yi alkawarin murya kawai za ta ɗauka. Ni na fassara alkawarin, har na ƙara da rantsuwata. Inna ta kore mu maza waje, ta ja baƙuwa ɗaki. To, a wurinmu in mace ta rage daga ita sai mace, yaye niƙabi take yi ta sha iska. Haka Inna ta yi, har da zuba mata waina. Ashe wayar baƙuwar tana ɗaukar bidiyo daga aljihun rigarta.

Bayan wata guda bidiyon ya zagayo wayoyin unguwa, an fassara shi da Larabci. Ga fuskar Inna tar, ga ƙofarta, wai ita ce uwar ɓarayin unguwa. Ba a kwana uku ba 'yan sanda suka zo da mota suka tafi da ita.

Ɗanta, maƙwabcin nan nawa, ɗan dako a unguwar Ammariyya, ya tare ni ina fitowa salla. Ya shaƙe ni, ya buga kaina da bango, ya sa min gwiwa a ciki. Da na faɗi ya ɗauki bulo ya sauke min a baki. Jini har hanci. Mutane suka rirriƙe shi yana ihu: "Ya akhi, kai ka rantse mata! Ba da Baturiya ta yarda ba, da kai ta yarda!"

Na aika wa 'yar jaridar saƙo, kunya da baƙin ciki sun ishe ni. Ta karanta, ta toshe lambata.

Ana gobe za a sa Inna jirgi a mayar da ita gida, ta ari waya ta kira ni. Ba wanda ya gaya mata dalilin kamun. Ta ce in bai wa surukarta tandar waina. Sannan ta tambaye ni ko baƙuwarmu ta isa gida lafiya.

Na ce ta isa.