Siket ɗin Jirgi

A Port Richmond, nan Amurka, kusa da shagunan mutanenmu, akwai wani dogon mutum da ke jiran bas kowace safiya da kwanon abincinsa a cikin leda. Sunansa Fataw, ɗan Zangon Kumasi ne. Ba ya yawan magana, kuma idan kuka gaisa za ka ji babban yatsansa na dama ya yi kanta. Na daɗe da saninsa, don gida ɗaya muke haya, ni a ƙasa, shi da matarsa Adjoa a sama.

Tela ne tun yana gida. Ya daɗe a gindin keke yana ɗinka wa mutane kaftani, har ranar da hanyar fita ta samu, ya rantse a gaban mahaifiyarsa, Mma Mariatu, cewa shi da keke sun rabu ke nan. Da ya iso nan ya wanke kwanuka, ya yi dako a sito. Bayan babbar guguwar nan da aka sa wa suna Sandi, wani ƙaramin wurin aiki a bakin ruwa ya nemi wanda ya iya ɗinki mai kauri. Fataw ya je. Keke ya tarar yana jiransa, sai dai ya fi wanda ya baro girma.

Abin da suke haɗawa a wurin, Turawa na ce masa hobakiraf. Mu ba mu da suna gare shi. Fataw ya taɓa yi mini bayani da faranti a kan tebur. Ya ce fanka ce ke tura iska ƙarƙashin abin, iskar ta ɗaga shi kaɗan, wata fankar a baya ta tura shi gaba. Tun da ba ya taɓa ƙasa, ruwa da taɓo da ƙanƙara duk ɗaya ne a wurinsa. Amma iskar guduwa za ta yi idan ba a tsare ta ba. Shi ya sa ake kewaye gindinsa da yadin roba mai tattara, wanda ke kumbura ya riƙe ta. Wannan yadin shi Fataw ke ɗinkawa. Da na tambaye shi sunan yadin, sai ya ɗauke farantin ya ce shayi zai huce.

Ranar da ya samu aikin ya kira gida.

"Mma, na samu aikin jirgi."

"Alhamdu lillahi! Na ruwa ko na ƙasa?"

"A'a, wanda iska ke ɗagawa."

Bai yi ƙarya ba. Amma a bakinmu jirgi iri uku ne, kuma wanda ba na ruwa ba, ba na ƙasa ba, kowa ya san saura wanne. Kafin Juma'a ta zagayo, Zango ya ji cewa ɗan Mariatu yana tuƙa jirgin sama a Amurka. Matan unguwa suka sa mata suna Mman Pailot. Da shi ake kiranta a wurin biki, da shi yara ke gaishe ta a hanya. Labarin ya dawo kunnen Fataw ba da daɗewa ba. Waya dai ba ta lalace ba a duk shekarun nan, kuma kowane mako suna magana.

A shekarar 2016 Adjoa ta samu ciki, aka yi wa Mma Mariatu takardu ta zo zaman haihuwa. Gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin ido. Tun a filin jirgi ta ga wasu matuƙa sun wuce da huluna, ta juya ta dubi kan ɗanta.

"Ina taka hular?"

"Ba a sawa idan ba a bakin aiki ba, Mma."

Ba ta daɗe ba ta fara maganar ganin jirgin. Ta ce mutanen gida sun ce kada ta dawo ba hoto, musamman ƙanenta Braimah, wanda shi ya fi kowa yaɗa labarin. Fataw ya ce ana gyara. Bayan kwana biyu ya ce ana sanyi. Da aka ƙara kwanaki ya ce sai an nemi izini. Ita kuwa kullum da safe sai ta ɗaura sabon ɗankwali ta zauna kusa da ƙofa.

Wata Asabar ya ƙwanƙwasa mini.

"Baba Tamimu, don Allah ka kai mu wurin aikina da motarka."

Ban tambaye shi me ya sa ba zai kira tasi ba. Na ɗauko makulli.

A hanya Mma Mariatu tana ta leƙa sama ta taga. Da muka bar babban titi muka bi wata hanya mai ramuka zuwa bakin ruwa, sai ta daina leƙawa. Wurin rumfar kwano ce babba, gabanta siminti ya gangara cikin taɓo. Maigidan, wani Bature mai furfura, ya fito yana goge hannu. Da ya ji ko wace ce, ya yi murna sosai, ya dafa kafaɗar Fataw yana ta zuba Turanci.

Mma Mariatu ba ta jin Turanci, amma akwai kalmar da kowace mace a Zango ta sani.

"Fataw, me ya ce? Na ji siket."

Fataw ya dube ni. Ni kuma na dubi ruwa.

"Ya ce yana jin daɗin aikina, Mma."

"Ban tambaye ka daɗi ba. Siket ɗin wa?"

"Na jirgin ne. Haka suke kiran yadin da ke gindinsa."

Baturen, da bai san abin da ake ciki ba, ya ce a zo a ga gwaji. Aka turo wani jirgi ja, bai fi ƙaramar mota girma ba, baƙin yadi yana ja a ƙasa kewaye da shi. Wani ma'aikaci ya shiga ya tayar da inji. Ƙara ta cika wurin, yadin ya kumbura, abin ya ɗaga daga siminti kamar taƙi guda, ya zame cikin taɓo, ya hau ruwa, ya zagayo. Da zai tsaya sai da ya juya gefe, don ba shi da birki.

Mma Mariatu ta riƙe wayarta, ba ta ɗauki hoton ba.

"To, ya tashi mana."

"Ya tashi, Mma."

"Ina?"

"Iyakar tashinsa ke nan."

Daga nan Fataw ya fara magana da sauri, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce 'yan kwana-kwana ne ke sayen irin wannan, don idan mutum ya burma cikin ƙanƙarar tafki ko ya maƙale a laka, kwale-kwale ba ya isa, mota ba ta isa, sai shi. Ya ce a wasu ƙasashe ana ɗaukar fasinja da manyansa. Ya ce sojojin ruwa suna da wanda ke ɗaukar tankar yaƙi daga tsakiyar teku ya hau da ita kan yashi ba tare da ya tsaya ba.

"Na sojojin kake tuƙawa?"

"A'a."

"Wannan jan fa?"

"Ba na tuƙi, Mma. Ɗinki nake yi."

Ta shiga rumfar da kanta, ta wuce injuna, ta tsaya a gaban keken. Ta ɗauki wani yanki na yadin ta juya shi, ta bi kalmasar da farce. Sannan ta kamo hannun ɗanta ta murza babban yatsan.

"Tun a filin jirgi na ji wannan," in ji ta. "Na ce wa kaina wataƙila sitiyari ne."

Ta sa yankin yadin a jakarta. Muka shiga mota muka koma gida.

Adjoa ta sauka lafiya, aka samu mace. Ranar suna falon ya cika, har kan matattakala akwai mutane. Hamidou, mutumin Nijar mai shagon kayan abinci a kwanarmu, ya shigo da katan ɗin lemo ya ɗaga murya.

"Mman Pailot, barka da arziki!"

Ta ci gaba da zuba waake, shinkafa da wake irin na Kumasi, a faranti. Ya sake kira, ba ta juya ba. Da aka gama addu'a ta goge hannu, ta latsa wayarta ta sa a lasifika, ta miƙa wa Fataw.

"Ga kawunka Braimah. Duk suna tare a gidana, suna cin abincin suna. Kai ka ɗaura mini sunan nan, kai za ka kwance shi. Ba zan koma ina amsa abin da ba nawa ba."

Fataw ya miƙe tsaye, kamar kawun yana ganinsa.

"Kawu, ni ne."

"Pailot! Yaya sararin sama?"

"Kawu, ban taɓa tuƙa jirgi ba. Tela ne ni har yanzu. Siket nake ɗinkawa."

"Siket? Na mata?"

"Na jirgi."

"Kai, Fataw! Jirgin mace ce?"

Dariya ta fashe a can Kumasi, ta fashe a nan. Hamidou sai da ya zauna a kan katan ɗin. Fataw bai zauna ba, bai kashe wayar ba. Ya tsaya da kai a sunkuye ya yi bayanin fanka da iska da yadi tun daga farko, ana katse shi yana ci gaba, har kawun ya ce ya gane. Mma Mariatu ba ta yi dariya ba. Da ya gama ta karɓi wayarta, ta zuba masa abinci, ta ɗora masa naman da ya fi girma.

Da bazara ta koma gida, da yankin yadin a jakarta. An ce wasu a Zango suna kiranta da tsohon sunan don tsokana, ba ta waiwayawa. A nan kuwa Hamidou ya sa wa Fataw suna Mai Siket, sunan kuma ya bi shi. Idan an kira shi da shi daga tsallaken titi yakan ɗaga hannu, amma ban ga ya ɗaga kai ba tukuna.